Asalin Kalma: Dogon Yaro

Wannan itaciya mai ɗaci, wadda asalinta daga ƙasar Hindu ne, ba ta yaɗu a ƙasar Hausa ba sai a zamanin Turawa. Da jama'a suka ga yadda take miƙewa, tana cikin ƙuruciya amma ta kere itatuwan da suka girme ta, sai suka laƙaba mata dogon yaro, wasu kuwa suna cewa darbejiya ko bedi.

A lambunan bakin kogin Gagare, daura da Ƙauran Namoda, manomi kan daka 'ya'yanta, ya jiƙa su kwana, ya tace, ya yayyafa wa tumatir da almuru domin korar tsutsa, dusar kuma ta koma ƙasa ta zama taki. Haƙiƙa wannan hikima ce ta Mahalicci, da ya ajiye waraka cikin ɗaci.