Motar Kamfani a Arlit

Kafin 1969 babu gari a Arlit, sai fili da iska da raƙuman Buzaye. Yuraniyom ne ya kawo mutane, da kamfanoni biyu masu haƙarsa. An kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da ƙarfe a 1971. COMINAK kuwa an kafa ta a 1974, ta gina garin Akokan can gefe, ta soma haƙa a ƙarƙashin ƙasa a 1978. Wurin da Agadez ma take da nisan kilomita sama da 200, wa zai ce wa ma'aikaci ga kuɗin mota, ka kawo kanka aiki? Ba tasha, ba kwalta. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar yuraniyom, sai wajen 1980 aka gama ta. Dole kamfani ya ɗauki nauyin komai: gida, ruwa, wuta, asibiti, har da ƙafar tafiya.

Mu da muka tashi a can, da mota muke gane matsayin mutum. Lebura da mai haƙa suna tsaye tun asuba da hular kwano a hannu, rawani ya rufe hanci saboda sanyin hunturu, suna jiran bas. Babban ma'aikaci kuwa Toyota ce fara a ƙofar gidansa, da lamba a jikin ƙofa. Mai na kamfani ne, taya ta kamfani ce, in ta lalace garejin kamfani zai gyara. A ƙasar da yashi ke cinye inji, wannan ba ƙaramin gata ba ne, kuma ban ga laifin wanda ya so shi ba.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe bayan fiye da shekara 40 tana aiki, ma'aikata kusan 600 suka rasa abin yi, ban da na 'yan kwangila. Aka miƙa makullai. Wanda ya shekara 20 yana tuƙa motar aiki ya koma neman mai rage masa hanya zuwa kasuwa. Waɗanda ke aikin kwangila, da ba su taɓa samun mota ba sai ɗan abin da ake ƙara musu a albashi, wasunsu sun daɗe da tara shi sun sayi babur, kuma shi ne ya zama kabu-kabun da ke ciyar da gida yau.

Shi ya sa nake ganin a garin da ma'adini ya haifa, gara a ba ma'aikaci kuɗin sufurinsa a hannu, bas ta tsaya ga shiga mahaƙa kawai. A watan Yuni 2025 gwamnatin Nijar ta karɓe SOMAÏR daga hannun kamfanin Orano na Faransa. Sabbin masu ita ya kamata su duba wannan tun yanzu, tun ramin nan bai ƙare ba.