Madatsar Kelly Barnes da Ambaliyar Toccoa ta 1977

A arewa maso gabashin jihar Jojiya ta Amurka, kusa da garin Toccoa, akwai wani rafi da ke faɗowa daga kan dutse mai tsayin kimanin mita 57. A gindin dutsen aka kafa kwalejin koyar da addinin Kirista ta Toccoa Falls, a samansa kuma a da akwai madatsar ruwa mallakar kwalejin, mai suna Kelly Barnes. Ba ta gwamnati ba ce, kuma ba ta cikin sahun manya: tsayinta kimanin mita 12, tsawonta kusan mita 120.

Tarihin gininta shi ne abin da ya kamata ɗalibi ya fara lura da shi. A 1899 aka datse rafin da katako da duwatsu domin samar da wutar lantarki. A 1937 makarantar ta jibga ƙasa a kan wannan tsohon gini, sannan bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sake ƙara masa tsayi. Ke nan aikin zamani uku ne, wani a kan wani. A 1957 aka daina samar da lantarkin, tafkin ya zama wurin shaƙatawa. A ganina, daga nan haɗarin ya soma, domin abin da ba ya kawo wa mai shi amfani ba safai yake samun mai duba shi ba. Itatuwa da ciyayi suka lulluɓe jikin madatsar.

Wanda bai san sha'anin ba zai ɗauka itatuwa ƙarfi suke ƙara wa ƙasa. A madatsar ƙasa ba haka ba ne. Ruwa kullum yana tsattsafowa ta cikinta a hankali, kuma muddin yana fitowa garau, da sauƙi. Amma idan saiwa ta ruɓe ta bar rami, ko ƙasa ta saki a jikin tsohon bututun da aka binne, sai ruwan ya sami hanya, ya riƙa kwashe ƙasar kaɗan-kaɗan har ramin ya buɗe. Duhuwar ciyayi kuma tana ɓoye alamun da za su fallasa hakan.

Bayan kwanaki ana tafka ruwan sama, da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na dare, wayewar Lahadi 6 ga Nuwamba, 1977, madatsar ta ɓalle. Ruwan ya zubo ta kan dutsen, ya afka wa gidajen ɗalibai masu iyali suna barci. Mutum 39 suka rasu, da yawansu yara ne. Kwamitin binciken gwamnatin tarayya bai iya tsayar da dalili guda ba. Ya ambaci zaftarewar ƙasa a bayan madatsar da zaizayar ciki a matsayin abubuwan da mai yiwuwa suka haɗu.

Abin takaicin shi ne, doka tana nan tun kafin wannan dare. A 1972, bayan madatsar wani kamfanin haƙar kwal ta fashe a Buffalo Creek ta kashe mutum 125, majalisar dokokin Amurka ta ɗora wa rundunar injiniyoyin soja alhakin duba madatsu. Sai dai ba a ware kuɗin aikin ba, don haka abin da aka yi bai wuce ƙidaya su ba.

Shugaba Jimmy Carter, wanda tsohon gwamnan Jojiya ne, ya ba da umarnin a fara dubawar gadan-gadan. Cikin shekara huɗu aka duba madatsu kusan 9,000 waɗanda ba na tarayya ba kuma akwai jama'a a ƙasansu, aka tarar kimanin kashi ɗaya cikin uku ba su da aminci. Jojiya ta kafa tata dokar kula da madatsu a 1978. Ita kuwa Kelly Barnes ba a sake gina ta ba.