Auna Ingancin Kula da Masu Shanyewar Ɓarin Jiki a Asibitin Kan Iyaka: Nazari a kan Gaya, Jihar Dosso

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ma'aunin da ya dace a yi amfani da shi wajen tantance ingancin kula da masu shanyewar ɓarin jiki a asibitin gunduma irin na Gaya. Ta nuna cewa adadin waɗanda suka rasu a gadon asibiti ba ya bayyana ingancin aiki a irin wannan wuri, kuma ta ba da shawarar a auna ayyukan jinya da halin majinyaci bayan kwana 90.

1.0 Gabatarwa

Gaya tana bakin kogin Kwara, tana fuskantar Malanbil ta ƙasar Benin, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi a kusa. Tsakaninta da Dosso kimanin kilomita 150 ne, zuwa Yamai kuwa kusan 300. A tsarin kiwon lafiyar Nijar, majinyaci kan taso daga ƙaramin asibitin karkara zuwa na gunduma, daga nan zuwa babban asibitin jiha a Dosso, sannan manyan asibitocin Yamai, inda ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa suka fi yawa. Saboda haka duk ma'aunin da za a ɗora wa asibitin Gaya, dole ya yi la'akari da cewa shi zango ne a tsakiyar doguwar tafiya. Tun a 1966 Avedis Donabedian ya kasa auna ingancin jinya gida uku: kayan aiki da ma'aikata, ayyukan da aka yi wa majinyaci, da sakamakon da aka samu. A kan wannan kashi aka gina nazarin.

2.0 Raunin ƙidayar mace-mace

Ƙidayar mace-mace tana da sauƙi, domin rajistar asibiti ta riga ta tanade ta. Sai dai a Gaya abubuwa uku suna gurɓata ta. Na farko, wanda jikinsa ya tsananta akan tura shi gaba, idan ya cika a hanya ko a Dosso ba zai shiga lissafin Gaya ba. Na biyu, dangi kan ɗauke mara lafiya idan kuɗi ya ƙare, ko suka yanke ƙauna, ko suka ga ciwon na iska ne da ya fi dacewa da maganin gargajiya, sai rajista ta rubuta fita alhali mutuwa tana jiransa a gida. Na uku, jama'ar kan iyaka suna neman magani a ƙasashe uku, kuma rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya sauya hanyoyin zirga-zirgarsu. Idan irin majinyatan da ke zuwa ya canja, adadin mace-mace zai motsa ko da aikin ma'aikata bai canja ba. Asibitin da ya riƙe masu tsananin ciwo ya yi musu ɗawainiya zai fito da mummunan adadi, wanda ya sallame su da wuri kuwa ya fito fes. Wannan zalunci ne ga ma'aikata, kuma ɓatar da masu tsara manufa ne.

3.0 Ma'aunan aro

Kwaso ma'aunan Turai ɗungurungum shi ma ba mafita ba ne. Allurar narkar da gudan jini tana buƙatar hoton sikana na ƙwaƙwalwa, kuma a yi ta cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwo, abin da nisan Yamai kaɗai ya isa ya cinye. Batun asfirin ya fi haɗari. Gwaje-gwajen IST da CAST na 1997 sun tabbatar da amfaninsa ga wanda jijiyarsa ta toshe, amma binciken SIREN da aka yi a Gana da Najeriya, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, ya gano a 2018 cewa kusan kashi 32 cikin ɗari na majinyata jijiya ce ta fashe musu, kuma hawan jini ne kan gaba wajen haddasa ciwon. Idan aka ce ingancin asibiti shi ne yawan waɗanda ya ba asfirin, ba tare da hoton da zai bambance toshewa da fashewa ba, an tura ma'aikaci ya ƙara wa mai zubar jini zuba.

4.0 Abin da ya kamata a auna

Ma'aunin da ya dace shi ne wanda ke hannun ma'aikatan Gaya, kuma hujja ta nuna yana ceton rai. Gwajin QASC na Ostareliya, wanda aka wallafa a 2011, ya nuna cewa lura da zazzaɓi, da sukarin jini, da gwada haɗiya kafin a ba da ruwa ko kunu, sun rage mutuwa da dogaro ga wasu bayan kwana 90 daga kashi 58 zuwa 42 cikin ɗari. Babu ɗaya cikin ukun da ke buƙatar babbar na'ura. A ƙara da auna hawan jini a kai a kai, da juya majinyaci don kauce wa gyambon kwanciya, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin motar asibiti ta tashi da wanda aka tura gaba, da sallama da maganin hawan jini a hannu. Sannan a bi sawun kowa ta wayar salula bayan kwana 90 da ma'aunin Rankin, mai matakai daga 0, wato warkewa sarai, zuwa 6, wato rasuwa. Da haka wanda aka mayar gida ko aka ƙetare da shi Kamba ba zai ɓace daga lissafi ba.

5.0 Sukar da ake iya yi

Wani zai ce wannan amincewa ce da ƙaramin matsayi ga talaka. Amsar ita ce, Ƙungiyar Yaƙi da Shanyewar Ɓarin Jiki ta Duniya da kanta ta kasa hidima mataki uku a 2014, domin kowane asibiti ya san inda yake da inda zai dosa. Rubuta yawan waɗanda suka buƙaci sikana ba su samu ba shi ne hujjar da za a kai wa ma'aikatar lafiya a nemi na'urar. Wani kuma zai ce sakamakon Ostareliya ba lallai ya yi aiki a nan ba. Sukar tana da ƙarfi, amma gwajin INTERACT3 na 2023, wanda asibitocin Najeriya suka shiga, ya samu amfanin haɗa kula da hawan jini da sukari da zazzaɓi ga masu fashewar jijiya, ko da yake a asibitoci masu sikana aka yi shi. Saura batun nauyin rubutu a kan ma'aikata ƙalilan. Maganinsa takarda ɗaya ce mai gurabe kaɗan, wadda za a riƙa dubawa a taron gunduma, ma'aikatan su ga amfaninta da idonsu.

6.0 Kammalawa

Abin da hukuma ta zaɓa ta ƙidaya, shi ma'aikaci zai fi mayar da hankali a kai. Saboda haka maƙalar tana ba hukumar lafiya ta jihar Dosso shawarar ta fara da rajista ta musamman a asibitin Gaya na tsawon shekara guda, mai ɗauke da waɗannan ayyukan jinya da lambar wayar ɗan'uwan majinyaci, a kuma shirya tambayoyin bin sawu cikin Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci. Sakamakon shekarar ne zai nuna inda ya kamata a fara gyara.