Tarihin Bikin Kamun Kifi na Argungu

Bikin kamun kifi na Argungu, a Jihar Kebbi, ana yin sa ne a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, lokacin da ɗari ya ja jiki, bazara ta fara leƙowa. A sa'annan manomi ya riga ya kai amfanin gonarsa rumbu, bai kuwa fara sharar gona ba. Ruwan da ya malale fadamu da damina ya janye ya koma cikin gulbi, kifi ya tattaru a gurabe masu zurfi. Mutane na da sarari, kifi kuma na wuri ɗaya. Daga wannan daidaito na lokaci bikin ya samo tushensa, tun kafin a san shi a wajen ƙasar Kabi.

Kabawa mutanen ruwa ne tun asali. Daular da Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Songhai, ta zauna ne a kwarin gulbin da ke gangarowa daga Sakkwato zuwa Kwara, inda noman shinkafa da su suke ciyar da jama'a. Babban birnin Kanta shi ne Surame, wanda kufansa na nan har yau. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, ta zauna can har shekarar 1805, da rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka ja da baya, Argungu ta zama cibiyarsu. An kashe Sarkin Kabi Karari a 1831, amma a 1849 ɗansa Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutar Kabi. Daga nan har zuwan Turawa, tsakanin Argungu da Sakkwato da Gwandu yaƙi ne da hari, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Ko da Turawa suka nufi Sakkwato a 1903, ta Argungu wata rundunarsu ta bi. Wanda bai san wannan tsohuwar gaba ba, ba zai gane nauyin abin da ya faru a 1934 ba.

Kafin wannan shekara, Kabawa na da al'adunsu na ruwa da na gari. Akwai gyaran ruwa, wanda ake yi don neman tsari daga kada da iskokin ruwa kafin kowa ya shiga. Akwai fashin ruwa, wato buɗe gurbin da aka hana su a cikinsa tsawon watanni, a bai wa jama'a izinin kamu a rana ɗaya. Akwai kuma gyaran gari da shan kabewa, waɗanda suka shafi lafiyar gari da amfanin gona, kuma 'yan bori ke da babban hannu a cikinsu. Sarkin Ruwa shi ke riƙe da amanar gulbi, Homa kuma shi ne shugaban masunta. Da Musulunci ya ƙara kafuwa, yawancin yanka da tsafin da ke tare da waɗannan al'adu sun ja baya. Abin da ya saura, kuma ya fi komai amfani, shi ne dokar rufe ruwa: a bar kifi ya hayayyafa ya girma, kada wani ya riga wani.

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Zuwan jikan gidan Shehu ƙasar Kabi da zumunci, bayan fiye da shekara ɗari ana kallon juna da takobi, babban al'amari ne. Masarautar ta nemi abin da za ta karrama baƙonta da shi, sai ta zaɓi sana'ar da Kabawa suka fi kowa iyawa, aka shirya masa gagarumin su. Daga wannan ziyara ake ƙirga shekarun bikin. Al'adar da a da ta masunta ce da gulbinsu ta zama shaidar sulhu tsakanin gidaje biyu na sarauta.

Babban kamun ana yin sa ne a Matan Fada, wani yanki na gulbin da ake tsarewa duk shekara. Dubban masunta ke jeruwa nesa da gaɓa, kowa riƙe da homa da babbar gora. Da an buga bindiga sai su kwasa da gudu su faɗa ruwa. Gorar ita ce abin hawa, masunci ya kife a kanta ya yi yawo bisa ruwa, ita ce kuma ma'ajin ƙananan kifayen da ya kama. Ba a yarda da kayan su na zamani ba. Abin da kowa ke hari shi ne giwan ruwa, wadda kan kai nauyin mutum: a 2005 wadda ta ci gasa ta kai kilo 75, a 2020 kuma kilo 78. Kamun duka bai fi kamar awa guda ba.

Sauran kwanakin bikin na wasanni ne da kiɗa, kuma a nan ne ake ganin Kabi sosai. Wasannin ruwa ana kiran su kabanci, sunan da ke nuna cewa gwanintar ruwa ita ce alamar Bakabe. A ciki akwai tseren kwalekwale, da ninkaya, da nutso, da kamun kifi da hannu, da kamun agwagwar ruwa. A tudu kuma ga kokawa, ga dambe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke tafiya ba makaɗi, domin a ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta. Ɗan dambe ba ya shiga fage sai kalangu ya kira takensa, ya yi kirari, jikinsa ya ɗau tsuma. Sarki na da tambura da algaita da kakaki da mawaƙan fada masu jero masa kakanni har zuwa Kanta. Masunta ma makaɗansu na bin su cikin jirage a tsakiyar ruwa, ana kiɗa ana kaɗa goruna masu tsakuwa, a zuga mutane, a kuma firgita kifi ya fito daga maɓoya. Da dare kuwa fage ya koma na 'yan rawa da mawaƙa daga garuruwan Kabi da Zabarma da Arewa, har da na tsallaken iyakar Nijar, waɗanda dangantakarsu da Argungu ta girmi iyakar kanta. Masaƙa da maƙera da masu sassaƙar ƙwarya da dukawa na baje kayansu, manoma na nuna shinkafa da dabbobi. Ga mai ƙaramar sana'a, cinikin waɗannan kwanaki kan ɗauke shi wata da watanni.

Bayan samun 'yancin kai gwamnati ta shigo cikin shirin. Halartar Janar Yakubu Gowon tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar a 1970 ta ɗaga sunan bikin, aka gina masauki, aka ƙara wasannin zamani irin su tseren motoci da na kekuna. Da aka ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991, bikin ya zama abin da aka fi sanin jihar da shi. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi, wadda aka mayar gidan tarihi na Kanta a 1958, ta zama wurin da baƙi ke fara zuwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya.

Shigowar gwamnati ta kawo kuɗi da suna, amma ta sa bikin ya dogara da kasafi da yanayin siyasa, abin da fashin ruwa na da bai sani ba. Ga kuma matsalar ruwan kansa. Madatsar Bakolori da ta Goronyo, waɗanda aka gina a sama da Argungu, sun rage ambaliyar da ke cika fadamu, inda kifi ke zuba ƙwai. Yashi na cike gurabe, masunta sun yawaita, ƙananan raga na kwashe kifi tun bai girma ba. Akwai shekarun da ƙarancin ruwa ya hana kamu. Bayan bikin 2009 kuma, rashin tsaro da wasu dalilai suka sa aka yi shekara goma ba a taru ba, sai a Maris 2020, zamanin Sarkin Kabi Sama'ila Muhammadu Mera, aka dawo da shi. A tsawon wannan hutu makaɗa da 'yan wasa da masu sana'ar hannu sun yi asarar babbar kasuwarsu, yara da dama kuma sun tashi ba su ga kabanci ba.

Ana iya gina rumfuna da masaukai cikin wata guda, amma giwan ruwa mai kilo saba'in sai ta yi shekaru a gurbin da ba a taɓa ba. Saboda haka aikin da ya fi cancantar kuɗin gwamnati da kulawar masarauta shi ne yashe gulbin, da sakin ruwan madatsu a kan kari, da ƙarfafa hannun Sarkin Ruwa da Homa wajen tsare Matan Fada.