Daga Challawa Zuwa Kurar Mai Ga-Ruwa: A Ina Ruwan Kano Yake Maƙalewa?

Jiya ina binciken wata tsohuwar adakar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, sai na ci karo da rasiɗan kuɗin ruwa an ɗaure su da kyauro, wata bayan wata. Na nuna wa ƙaramin ɗana, sai ya ce, "Baba, a da masu ga-ruwa rasit suke bayarwa?" Na yi dariya, amma ba ta kai zuci ba. Yaron bai san akwai zamanin da ake murɗa famfo a tsakar gida ruwan gwamnati ya zubo ba. Shi ya sa na ce bari mu ɗan waiwaya baya.

Kafin zuwan famfo, Kano da rijiyoyi da kududdufai ta dogara. Aikin ruwa na zamani na farko shi ne na Challawa, kusa da Panshekara, wanda ya fara aiki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Da kuɗin baitulmalin En'e aka yi shi, wato harajin kakanninmu. Abin da ya fi burge ni shi ne, aikin ruwa da na lantarki tare aka tsara su. Waɗancan mutanen sun gane cewa ruwa ba ya hawa tudu da kansa, sai da injin da zai tura shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zo da zamanin madatsun ruwa. Ya yi Bagauda, ya yi Tiga wadda aka kammala a 1974, har gobe tana cikin manyan madatsun ƙasar nan. A 1992 aka gama madatsar Challawa da ke yankin Ƙaraye. Sai zamanin Malam Ibrahim Shekarau, tsakanin 2003 da 2011, aka gina sabuwar matatar Tamburawa mai iya tace lita miliyan 150 a rana, da ta Watari mai lita miliyan 75.

To, mu yi lissafin 'yan firamare. Waɗannan biyun kaɗai lita miliyan 225 ke nan kullum. In kowane mutum zai samu jarka biyu mai cin lita 25 a rana, wannan ruwan zai ishi mutum miliyan 4 da rabi, ba a ma sa Challawa a lissafi ba. Amma fa a takarda ke nan. Abin da matata za ta iya tacewa daban, abin da ke isa bokitin uwargida daban.

Ga inda gizo ke saƙar. Matatar ruwa ba gada ba ce da za a gina a yanka zare a tafi. Kullum sai ta ci. Tana cin wutar lantarki dare da rana, in babu wuta sai dizal. Tana cin alif da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Injinan turo ruwa suna lalacewa, kayan gyaransu kuma galibi daga waje ake sayo su, ga yadda naira ta koma. Daga nan sai bututu: wanda aka binne don unguwa mai gida ɗari, yau gida dubu ne ke tsotsonsa. Wani ya yi tsatsa, wani an fasa shi wajen aikin titi, wani an gina gida a kansa. Garin kuma ya bazu ta kowace kusurwa, ya bar bututun a baya.

Sai abin ya zama zagaye. Ruwa bai zo ba, mutane suka daina biya. Ba a biya ba, babu kuɗin dizal da gyara. Babu gyara, ruwa ya ƙara raguwa. Mai hali ya haƙa burtsatse ya cire kansa daga lissafi, talaka ya koma jiran kura. Abin takaicin, wanda ya fi kowa rashi shi ke sayen ruwa mafi tsada, jarka-jarka, kuma bai san daga wace rijiya aka ɗebo ba. In damina ta zo aka fara maganar amai da gudawa, sai mu ce annoba ce daga Allah. E, daga Allah take, amma ai Shi ne Ya ce mu tashi mu nemi tsari.

Mu ma da namu laifin, gaskiya. Mu nawa ne muka ga bututu ya fashe a layinmu muka tsallake muka wuce? Mu nawa muka jona ta bayan fage?

Abin da tarihin nan ya koya mini shi ne, Kano ba ta taɓa rasa masu ginawa ba. Abin da muka yi sakaci da shi shi ne riƙo, domin gyaran inji ba ya shiga hoto, ba a kiran maroƙa ranar da aka canza bututu.

Don haka in masu neman ƙuri'a sun zo, kada mu tsaya a kan "za mu gina". Mu tambaye su: awa nawa injinan ke aiki a rana? Lita nawa ke fita daga matata, nawa ke zubewa a hanya? Nawa aka ware wa gyara, nawa aka saki? Yaushe matatun za su samu tsayayyar wutarsu, kamar yadda aka yi tunani tun zamanin Challawa?

Na mayar da rasiɗan Baba cikin adaka. Ina fata wata rana ɗana ya biya irinsu da hannunsa.

Ku fa, a unguwarku yaushe rabonku da ruwan famfo? Ku faɗi unguwa da shekara, mu ga taswirar da za ta fito. Allah Ya kyauta.