Bikin Uhola da Tukwanen Kushewa na Ƙasar Zuru

Duk wanda aka ambata masa Dakarkari, abin da zai fara zuwa ransa shi ne noma da kokawa da aikin soja. Ba kasafai akan tuna da su wajen fasahar hannu ba, alhali kuwa suna da tsohon tarihi a wannan fage. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba asalin nunin kayan fasaha a ƙasar Zuru, wadda ke kudancin Jihar Kebbi tun da aka cire jihar daga Sakkwato a 1991.

Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela, suna yin bikin Uhola ne bayan girbi, don godiya a kan amfanin gona. Bikin yana da alaƙa da Golmo, wato noman da saurayi kan yi wa surukansa, har na shekara bakwai a al'adance, kafin a ba shi mata. Da can kowane gari yakan yi nasa. A zamanin Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami, Sami Gomo na II, aka ɗaukaka shi ya zama babban taron masarauta, aka haɗa shi da baje kolin amfanin gona da kayan sana'o'in hannu.

To amma kada mai karatu ya zaci nan ne nunin fasaha ya fara. Tun kafin a kafa rumfa a filin biki, Dakarkari suna da wurin da suke nuna gwanintarsu, wato makabarta. Mata ne maginan, kuma wasu gidaje ne suka keɓanta da aikin, 'ya ta gada daga uwa. Sukan gina tulu da yumɓu, su ɗora masa siffar dabba, ko mutum, ko mahayin doki, su gasa. Akan ɗora irin wannan tukunya a kan kushewar mutumin da ya yi fice, kamar shugaba ko maharbi ko ɗan kokawa. Ke nan tukunyar ado ce, kuma shaida ce. Mai wucewa ya dube ta ya san matsayin wanda ke kwance, ba sai an gaya masa ba.

Turawa sun lura da wannan tun da wuri. P. G. Harris ya yi rubutu a kan Dakarkari a 1938, R. T. D. Fitzgerald ya yi a kan tukwanen kushewa a 1944, sannan Allen Bassing a 1973. Sannu a hankali tukwanen suka bi hanya, wasu suka isa gidajen kayan tarihi na Turai da Amurka, wasu hannun dillalai. A can akan rubuta sunan ƙabila a ƙarƙashin tukunya, amma da wuya a ga sunan macen da ta gina ta. A gida kuwa, yaɗuwar Musulunci da Kiristanci ta canja yadda ake binne mamaci, bukatar tukwanen ta ragu.

A nan ne matsalar take. Ladi Kwali ma maginiyar tukwane ce daga ƙauye, amma da yake an san sunanta, hotonta ya hau takardar naira 20. Takwarorinta na Zuru kuwa aikinsu ya tsallaka teku, sunayensu sun tsaya a baya. Idan bikin Uhola ya tsaya ga rawa da kokawa, 'yan kallo su watse ba a rubuta kome ba, to ilimin zai bi tsofaffin kushewa.

Saboda haka nake kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan ƙasar Zuru, da mu yi amfani da hutu mu zauna da iyayenmu mata. Mu tambayi sunan kowace siffa da C'lela, da wanda ake yi wa ita, da gidan da ya gaje ta. In aka baje tukunya a filin Uhola, a sa sunan maginiyarta da garinsu a gefenta. Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.