Ɗaki a Kan Taya: Nazarin Zaɓen Motar Kwana a Ƙasar Gwaram

A shekarar 1981 masana'antar Sevel da ke Atessa a ƙasar Italiya ta fara ƙera wata mota da aka riƙa sayarwa da sunaye daban-daban, ciki har da Fiat Ducato da Citroën C25 da Peugeot J5. A Turai, masu haɗa motar kwana, wato motar da ake gina wa ɗaki da gado da madafa a bayanta, sun rungumi wannan shasi, kuma har yau kaso mai tsoka na irin waɗannan motoci a kan Ducato ake gina su. A wajenmu kuwa J5 ita ce mai kwasar tumatir da albasa da awaki daga kasuwannin ƙauye zuwa birni. Ke nan ƙarfen da Bature ke kwana a ciki lokacin hutu shi ne wanda direbanmu ke kwana a ƙarƙashinsa a bakin kasuwa, bisa tabarma, yana jiran gari ya waye a yi lodi. Daga nan wannan nazari ya taso: idan mutumin Zandam, ko na wani gari a Gwaram da Birnin Kudu, zai sayi motar da za ta zame masa abin hawa kuma makwanci, da wane ma'auni zai zaɓa?

A ƙasashen da wannan abu ya samo asali, shaƙatawa ce ta haife shi. Wani likita ɗan Sikotland, William Gordon Stables, ya sa an ƙera masa ɗaki mai taya da dawaki ke ja a 1885, ya riƙa yawon buɗe ido da shi. Kamfanin Winnebago na jihar Iowa a Amurka ya fitar da motar kwanansa ta farko a 1966. Duk wannan kasuwa ta ginu ne a kan kwalta mai kyau da sansanonin da ake biya a sami lantarki da ruwan famfo da wurin zubar da ƙazanta. Babu ko ɗaya daga cikinsu da mai saye a kudancin Jigawa zai dogara da shi. Masu buƙata a nan kuma ba 'yan yawon hutu ba ne: ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin mako daga Sara har zuwa Maigatari, masu haƙa rijiyar burtsatse da kan yi makonni a daji tare da injinsu, masu injin casa da ke bin kaka gari-gari, da ma'aikatan lafiya masu shiga rugage. A ganina, wanda ya zaɓi mota don kyawun ɗakinta ya fara daga ƙarshe. Nauyi da hanya da bakanike su ne ke yanke hukunci, ɗaki na biyo baya.

Ilimin nauyi ba baƙo ba ne a wannan ƙasa. Makiyaya sun daɗe a cikinta. Zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, shaida ne cewa kiwo tsohon abu ne a nan. Bafulatanar da ke shirin tashi daga mashekari ta san abin da takarkari zai iya ɗauka: tabarmi, ƙore, tukwane, 'yan kayan shimfiɗa. Abin da za a samu a sabon masauki, kamar kara da ciyawar rufin bukka, ba a wahalar da dabba da shi. Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989, ta bi wannan hikima da ta samar da azuzuwan da ake naɗewa a tafi da su.

Mota ma tana da iyakarta, kuma a rubuce take a wani ɗan faranti da ke jikin ƙofa ko cikin gidan inji. Yawancin motocin kwana na Turai an tsaida su a kilo 3,500, domin nan ne iyakar abin da lasisin tuƙi na gama-gari ya yarje wa mutum a can. Kafin mai ita ya sa ko cokali, katako da firji da banɗaki da tankuna sun cinye mafi yawan wannan adadi, abin da ya rage bai wuce 'yan ɗaruruwan kilo ba. Lissafin mai sauƙi ne. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, don haka jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ne. A ƙara mutum uku, da janareto, da tukunyar gas, da tayar safaya biyu, sai buhun gero biyu su zama laifi. Ɗan kasuwar da ya sayi irin wannan mota zai tarar da cewa gadonsa ya cinye wurin hajarsa. Shi ya sa motar kaya wadda cikinta fayau yake, a sa mata gadon da ake naɗewa da akwatin da ake saukewa, ta fi dacewa da shi nesa ba kusa ba. Mai walda da kafinta na Birnin Kudu za su iya wannan aiki, muddin an hana su zuba ƙarfe mai kauri da katako mai nauyi, domin al'adar masu sana'armu ce su auna ƙarko da kauri.

Shi kuwa ɗaki mai taya da ake ɗaurawa a bayan mota a ja, yana da fa'ida guda babba: ana iya kwance shi a ajiye a wurin aiki, motar ta tafi neman ruwa ko mai. Ga masu haƙa rijiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a Birtaniya, inda aka fi sabawa da shi, shawarar da ake ba sabon shiga ita ce kada nauyin ɗakin da kayansa ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar da ke jansa, kuma wannan a kan titi mai kyau ne. Tayoyinsa ƙanana ne, cikinsa na kusa da ƙasa, bangonsa siririn kwano ne da aka liƙa a kan katako. Hanyar burji mai gargada kan kwance irin wannan haɗi sannu a hankali, damina ta farko kuma ruwa ya sami ƙofa, katakon ya ruɓe daga ciki ba a gani. Wanda lalle sai ya ja wani abu, gara ya sa a ƙera masa a kan gatarin a-kori-kura, da taya iri ɗaya da ta motar da ke ja, domin safaya ɗaya ta yi wa duka biyun aiki.

Hanya ce ta fi komai nauyi a wannan lissafi. Kudancin Jigawa ya fi arewacinta samun ruwan sama, ga duwatsu ga rafuka, kuma da zarar an sauka daga babban titin da ya ratsa Birnin Kudu da Gwaram zuwa Basirka, sai yashi da rani, taɓo da damina. Ko kwaltar ma ba ta tsira ba: a watan Agustan 2021 ruwa ya karya wata gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, wata bas ta afka ciki, rayuka kusan ashirin suka salwanta, Allah Ya ji ƙansu. Mota mai dogon gindi da ya zarce tayar baya za ta riƙa dukan ƙasa a duk kwarin da ta shiga, kuma a daidai nan ake rataye tankin ruwa da bututunsa. Mai tsayin rufi kuma iskar hadari na kaɗa ta. Saboda haka abin da mai saye zai fara yi shi ne ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya ga tazarar da ke tsakanin cikinta da ƙasa, ya duba tsatsa a shasi. Motocin da suka yi zamani a arewacin Turai sun sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma sabon fenti na iya rufe wannan ɓarna daga idon mai gaggawa.

Sai batun inji, inda na fi jin tsoro ga masu saye. Sababbin motocin dizal na Turai suna ɗauke da matatar hayaƙi da wani ruwan sinadari na musamman da ake zuba musu, kuma kwamfuta ce ke sarrafa komai. An ƙera su ne don man da aka tace sosai. Idan suka sha gurɓataccen mai, ko wanda ya kwana a jarkar 'yan bumburutu, matatar kan toshe, kwamfutar ta rage wa injin ƙarfi, kuma bakaniken da ke bakin tasha ba shi da na'urar da zai karanta matsalar. Sai dai a ɗauko mai gyara daga Kano ko a ja motar zuwa can. Tsohuwar J5, da Boxer da ta gaje ta a 1994, da Toyota Hiace, ba su fi sababbin inganci ba. Abin da suka fi su shi ne kowane gareji ya san cikinsu, kuma kayan gyaransu na nan a Ƙofar Ruwa ta Kano. Tambayar da ta kamata a yi wa dillali ita ce: idan ta tsaya a bayan Zandam da magariba, wa zai tashe ta? Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, tambaya ta biyu ta ƙara ƙarfi, wato lita nawa take sha tana ɗauke da kaya, domin gwajin da dillali ke yi da mota wayam ba ya nuna gaskiyarta.

Ɗakin motar kwanan Turai kansa an tsara shi ne don maganin sanyi: tagogi ƙanana, na'urar ɗumama ɗaki, labule mai kauri. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a wannan yanki, akwatin ƙarfe da ya wuni a rana ba ya kwanuwa. Abin nema shi ne farin fenti, ƙofar iska a rufi, tagogi masu fuskantar juna da ragar sauro, rumfar tamfol a gefe, da farantin sola guda da batir da za su riƙe fanka da fitila da cajin waya. Akwai kuma haɗarin da ba ya da wari ko launi. Hayaƙin janareto ko na gawayi a rufaffen wuri ya hallaka iyalai da dama a Nijeriya suna barci, kuma cikin mota ya fi ɗaki ƙunci. Girki a waje, janareto nesa da taga, tukunyar gas kuma a akwatin da ke da huda ta ƙasa, domin wannan gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya idan ya tsiyaye.

Takardu ba sa buƙatar dogon bayani, amma su kan jawo asarar motar ɗungurungum. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka motar Birtaniya mai sitiyari a dama matsala ce komai arharta, kuma juya sitiyarin a gareji kan taɓa birki da saitin taya. A farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, saboda haka duk 'yar Kwatanon da aka tallata wa mutum, ya tabbatar da takardar kwastan ɗinta, ya gwada lambar shasin da ke rubuce da wadda ke jikin ƙarfen, harafi bayan harafi. Ya kuma yi tunanin ranar sayarwa tun kafin ya biya. Motar kayan da aka sa wa gadon cirewa, gobe za ta koma ɗaukar albasa, masu sayenta kuma suna nan a kowace tasha daga Gwaram zuwa Wudil. Wadda aka ƙera da banɗaki da madafa tun daga masana'anta, sai an sami mai buƙata irin tasa, kuma a wannan yanki irinsu ba su da yawa.